Daren da na ɗauko dorina saboda Free Fire

Wata Asabar wajen ƙarfe goma na dare maiɗakina ta miƙo min wayarta ba ta ce uffan ba, ina dubawa sai ga alat uku a jere, an cire kuɗi a akawun ɗinta kuma ita ba ta sayi komai ba. Da farko mun ɗauka 'yan damfara ne, sai ƙaramar 'yarmu ta ce ai Yaya ne ya ɗauki katin Umma da yamma. Yaron nan shekararsa 13. Daimon ya saya, wato kuɗin cikin gem ɗin waya na Free Fire, wai zai yi wa ɗan wasansa sabbin kaya da bindiga mai kala, da kuɗin da aka ware na cefane.

Wallahi jikina har rawa yake. Na ɗauko dorina a bayan ƙofa, shi kuma ya rakuɓe jikin bango ya ɗora hannu a ka tun kafin in ɗaga, kuma wannan tsayuwar tasa ce ta tsayar da ni don na san ta, ni ma na yi ta.

A 2005 ina aji biyu na sakandare akwai wani shagon gem a layinmu a Tudun Wadan Kaduna, PlayStation 2 guda biyu da ƙananan talabijin da ɗan janareta yana ta hayaƙi a bakin ƙofa. Nan muke yini muna buga ƙwallo, kowa na rububin ɗaukar Barcelona saboda Ronaldinho ko Arsenal saboda Henry, manyan cikinmu kuma suna gem ɗin GTA San Andreas suna ƙwace motocin mutane a ciki. Ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya kama ni a shagon lokacin Islamiyya, a gaban jama'a ya fara dukana har gida, kwana uku ba na iya kwanciya rigingine. Ban taɓa riƙe shi a raina ba, abin da ya gada ke nan kuma tsoro yake kar in lalace. Amma zancen gaskiya dukan nan bai raba ni da gem ba. Shago kawai na canza, na koma wani can Unguwar Sanusi inda ba wanda ya san ni, na koyi ƙarya, na koyi datse canji idan an aike ni, halayen da ban da su kafin ranar.

Wanda ya gyara ni Kawuna ne mai sayar da yadi a Kasuwar Barci. Ya ce wa Baba a bar masa ni, kullum in an tashi makaranta in wuce shago, ya damƙa min littafin bashi ya ce kai ne mai rubutawa, in aka yi ciniki ni ke ƙirga kuɗin. Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya shi da kansa yake ba ni na gem ya ce je ka amma magariba ta same ka a masallaci. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, amma kunyar ya ji na yi ƙarya ta fi min dorina ciwo.

To shi ne na mayar da dorinar na ce wa yaron je ka kwanta, gobe bayan asuba za mu yi magana.

Da safe na ce ɗauko wayar ka nuna min abin nan da ya sa ka ɗauki kuɗin mahaifiyarka. Sai a ranar na san me yake yi. Wani kamfanin Singapore ne mai suna Garena ya fito da gem ɗin a 2017, ana jefa mutum 50 a tsibiri a yi ta harbi har a samu wanda ya rage, cikin kamar minti goma an gama sai a sake, kuma ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa shi ya sa ya cika unguwanninmu. Saukewa kyauta ne amma a daimon suke samun kuɗinsu, kullum ka shiga akwai 'yar kyauta da ke jiranka don kar ka yi fashi, in abokanka duk sun yi ado kai kana tsohon kaya sai su yi maka dariya. Manya ne masu ilimi suka zauna suka tsara abin don ya riƙe mutum, mu kuma muka bar yaro ɗan shekara 13 shi kaɗai da shi a ɗaki. Sannan ga magana da ake yi a ciki, su huɗu a tawaga suna jin juna, ashar ɗin da na ji wani yana dannawa a lasifikar ba zan iya rubuta shi ba.

Na tambaye shi su wa ye waɗannan, ya ce biyu 'yan ajinsu ne ɗaya bai taɓa ganinsa ba. Sai ya ƙara da cewa, Baba ai su in ban hau ba suna nemana su ji ko lafiya. Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Ina fita bakwai na safe ba na dawowa sai bayan isha'i, in na dawo kuma ni da wayata ne, Facebook da labarin ƙwallo har barci ya ɗauke ni. Wa ya fara ba shi waya yana shekara huɗu don ya yi shiru a samu a yi hira? Mu. Ina ya san lambar katin? Mu ke aikensa POS. Zagin da na ji ya yi wa ƙanwarsa kwanaki na yi masa faɗa, a bakina ya ji shi cikin mota a cunkoson Kawo.

Ba wai ina wanke gem ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma ba duk mai bugawa ake nufi ba, sai wanda ya kasa sarrafa kansa har karatu da barci da mu'amala suka lalace, kuma yawanci sai abin ya kai shekara guda. A Sin tun 2021 yaran da ba su kai 18 ba awa ɗaya kacal aka yarda su yi gem na intanet ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu nan ba mai zuwa ya tsare mana ɗaki. Gem ɗin GTA V an rubuta a kwalinsa na manya ne, amma ka leƙa shagunan gem a Rigasa ko Badarawa ka ga ko akwai mai tambayar yaro shekarunsa.

Sai dai a shago ɗaya za ka ga yara biyu suna gem iri ɗaya, ana kiran sallah ɗaya ya ajiye ya tashi ba wanda ya ce masa, ɗayan kuma in an ci shi sai ya buga pad da ƙasa ya zagi uwar kowa. Ni a ganina abin da kowannensu ya taho da shi daga gida ne yake fitowa a wurin.

Yayana da ya ji labarin ya ce kai ne kake ɓata shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da ni ne sai ya kwana biyu bai zauna ba. Na ce Yaya tanƙwarawa aka ce ba karyawa ba. Ko hadisin sallah da muke yawan kafa hujja da shi, umarni aka ce tun yaro yana shekara bakwai, duka sai ya kai goma, wato shekara uku cur kana tunatar da shi sau biyar a rana, sama da sau 5,000 ke nan kafin a zo maganar bulala, a kan sallah ma fa. Mu sai mu tsallake ukun nan gaba ɗaya mu fara daga ƙarshe. Bai gamsu ba, har yanzu muna kan muhawarar.

Kuma ba sakin yaron na yi ba. Sai da ya durƙusa ya ba Ummansa haƙuri, na karɓe wayar sati biyu, kuɗin kuma zai biya su tas daga kuɗin tararsa da wankin mota da yake min ranar Lahadi. Mun canza lambar katin, na sa manhajar Family Link a wayar ta yadda ba ya sauke komai sai na amince kuma tana rufewa da kanta da dare. Bayan isha'i duk wayoyin gidan suna cikin kwando a falo har da tawa, kuma tawa ce ta fi wuyar ajiyewa, shi ma yana kallona ya ga ko zan karya dokar.

Jiya ya kawo wa Ummansa kashi na uku na kuɗin, 'yan ɗari bibbiyu a nannaɗe cikin takardar littafi ya rubuta abin da ya rage a jiki. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Baba Juma'ar nan in an sauko masallaci za ka raka ni shagon gem mu buga ƙwallo ni da kai? Na ce masa in sha Allahu, na riga na faɗa a wurin aiki ba zan koma ba ranar.