Abin da na koya a madafin Amma

Karatun girki ne ya kai ni Kerala, jihar da ke kudu maso yammacin Indiya, amma rabin abin da nake cin abinci da shi yau ba a aji na same shi ba. Na same shi ne a madafin dattijuwar da na kama ɗaki a gidanta a garin Tirishur. Kowa Amma yake ce mata, wato uwa, ita kuma tana kirana "mole", 'yata.

Ran da ta fara bari na taya ta aiki, na fere ɗanyar agada, na tattara ɓawon zan kai shara. Sai ta riƙe mini hannu. Ta yayyanka shi ƙanana, ta jiƙa a ruwan kurkur, sannan ta soya shi da kankararriyar kwakwa da ganyen kori a man kwakwa. Toran suke ce wa irin wannan suyar, kuma da ita muka ci shinkafar rana. Daga baya na ga ana yin ta da furen ayaba, har da farin ɓargon da ke tsakiyar kututturenta. Kwakwa kuwa ba a magana: a sha ruwan, a kankare naman, ƙoƙon ya zama ludayi, zaren bayanta ya tafi igiya ko murhu.

Shinkafar da ta rage da dare, ruwa take zuba mata ta kwana a tukunyar ƙasa. Da safe ta ɗan yi tsami, sai a sa kindirmo da ɗanyen barkono da ƙananan albasa. Ban ji baƙunta ba, domin ɗumamenmu ne ya zo da wata kama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne zogale. Mu ganyen muka sani, mu yi kwaɗo, mu bar sandunan su bushe a bishiya. Su kuwa sandunan suke yankawa tun suna ɗanye, su jefa a sambar, miyar wake da tsamiya, mutum ya tsotse cikin ya ajiye ɓawon.

Da na ɗauka duk wannan tattalin na ranakun yau da kullum ne, idan biki ya zo za a saki hannu. Sai Onam ya zo, bikin kaka na kwana 10 da ke faɗowa tsakanin Agusta da Satumba. Liyafarsa, sadya, a kan ganyen ayaba ake cin ta, a juya tsinin ganyen ya kalli hagun mai ci. Abinci ya haura kala 20, babu nama ko ɗaya, don haka na ci hankalina kwance. Kowane abu da gurbinsa a ganyen: tsami-tsami a gefe, jar shinkafarsu a tsakiya, a fara da wake da man shanu, a rufe da payasam, wani irin kunu mai zaƙi. Har abiyal, wanda ake ji da shi, guntattakin kayan lambu ne aka haɗa da kwakwa da kindirmo.

A nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Cokali ɗaya ake zuba wa mutum na kowane abu. Masu rabo suna ta kewayawa da bokitan ƙarfe, wanda ke son ƙari ya yi magana a ƙara masa, ko sau nawa ne. Kowa ya ƙoshi, kuma da aka tashi kusan babu abin da ya rage a ganye. Aka naɗe ganyen, aka kai wa saniyar maƙwabta wasu, sauran aka zuba a ramin gindin kwakwa su zama taki. Na tambayi Amma ko ba ta tsoron a ce ta yi rowa. Ta ce, "Mole, abin da ke tukunya zan iya bai wa wani gobe. Wanda aka taɓa a ganye fa?"

Yanzu girkin biki nake yi a Kano, kuma tambayar nan ba ta bar ni ba. Duk mai wannan sana'a ta san yadda ake kwashe robobin shinkafa rabi-rabi bayan taro, da tarin leda a ƙofar gida, alhali almajirai na tsaye a waje. Abin yana ci mini rai. Na koma zuba kaɗan a faranti, in sa yarana su riƙa kewayawa da ƙari. Wasu iyayen biki ba sa yarda, sukan ce, "Hajiya, a cika kawai, kada a yi da mu." Ina fahimtarsu, mutuncinsu suke karewa. Waɗanda suka yarda kuwa, abincin da ya rage a tukunya mai tsabta ne, ana raba shi ga maƙwabta da almajirai tun kafin magariba.

Ganyen ayaba bai wadata a nan ba, don haka na sayi farantan silba 200 da ake wankewa a sake amfani da su. Zogalen bayan gidanmu ma na hana a bar sandunansa su bushe. Mahaifiyata ta daɗe tana kallonsu a miya kafin ta yarda ta ɗanɗana, yanzu ita ke tuna mini in sun isa tsinka.