Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Adakar Baba

A makon jiya na tsaya a ranar sadakar arba'in ɗin Baba. Da jama'a suka watse, Hajiya ta aiko a kira ni. Ba ta taɓa ambaton sunana ba, kasancewar ni ne ɗan fari. Makulli kawai ta miƙo mini ɗaure a tsumma, ta ce, "Ga na adakar mahaifinku. Ni ban taɓa buɗe ta ba."

Na zaci takardun filaye ne. Ashe wasiƙu ne fal, kowace shekara da ɗaurinta, gara ta ɗan taɓa na ƙasa. Baba ya fara akawu a bankin Barclays nan Kaduna, tun kafin bankin ya koma Union Bank a 1979, kuma duk amsar da ya buga da tafireta sai ya ajiye kwafinta.

A ɗaurin 1973 na fi daɗewa, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Wani dattijo mai fataucin auduga ya rubuto da ajami, hankalinsa a tashe, yana tambaya ko ajiyarsa za ta ragu. Baba bai buga masa Turanci ba. Da hannunsa ya amsa, shi ma da ajami, cewa fam ɗaya naira biyu ce, sule ɗaya kwabo goma, ko anini ba zai yi ciwon kai ba. Ina karantawa hawaye na zuba, domin a gida mun san shi mutum ne mai tsare gida, ban san yana da wannan lallashi ba.

Akwai na ma'aikatan masaƙun Kakuri masu neman rancen sayen keke, da nasa zuwa ga kakarmu.

Na je Arewa House da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar tarihi a 1970. Wani ma'aikaci ya ce in cire ƙarafan da suka yi tsatsa, kada kuma in hargitsa jerin. Ya ce za su so su gani.

Sai dai akwai sunayen waɗanda suka ci bashi, ga jikokinsu nan a Tudun Wada muna gaisawa. Sirrin da Baba ya riƙe har kabari, ni zan tona? Da dare na koma wurin Hajiya da tambayar, da wata ambulan guda mai sunanta wadda ba a taɓa buɗewa ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.