Asabar: shari'ar Jack McCall ta tsaya mini a rai

Yau ban fita kasuwa ba. Tun asuba ake ruwa, bai ɗauke ba sai bayan azahar, don haka na zauna a ɗaki na ci gaba da kallon Deadwood, shirin nan mai dogon zango kan wani garin masu haƙar zinariya a Amurka mai wannan sunan, da tashar HBO ta fara nunawa a 2004. Sai da yara suka tafi wajen kakarsu sannan na kunna, domin mutanen cikinsa bakinsu ba linzami, ashar ce ke fita ta ko'ina.

Na kai wajen shari'ar Jack McCall, wanda ya lallaɓo ta baya ya harbi Wild Bill Hickok, shahararren gwanin bindiga, a ƙeya yana zaune yana karta a mashaya. Wannan ba ƙagen marubuci ba ne, ya faru ranar 2 ga Agusta 1876. A gaban jama'a aka yi, kuma nan take aka cafke shi. Amma da aka tara masu haƙar zinariya su yanke hukunci, sai ya ce fansar ɗan'uwansa ya ɗauka, aka sallame shi. A shirin, Al Swearengen mai mashayar Gem ne ya ja alƙalin gefe ya nuna masa inda aka dosa. Dalilinsa ya sa na dakatar da kallon na yi tagumi: in suka rataye mutum da sunan doka, sun nuna ke nan sun kafa hukuma a ƙasar da ba tasu ba, gwamnatin Amurka kuma za ta waiwayo su. Gara jinin Hickok ya tafi a banza da a taɓa musu ramukan zinariya.

Ƙasar kuwa da gaske ba tasu ba ce. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, tsaunukan Black Hills inda Deadwood take. A 1874 rundunar Custer, wani hafsan sojan Amurka, ta shiga ta ga zinariya, labari ya bazu, dubban mutane suka kwararo da diga da shebur. Garin da aka gina a kan cin amana, wace doka zai riƙe? Shi ya sa da aka sake kama McCall aka kai shi Yankton, hedikwatar yankin Dakota a lokacin, kotu ta ce shari'ar farko ba shari'a ba ce, tunda Deadwood ba ta da kotun da doka ta sani. A watan Maris 1877 aka rataye shi.

Bayan la'asar Yaya ya leƙo. Ya ga dawakai da manyan huluna a allon kwamfuta, ya ce, "Kai, har yanzu ba ka girmi fim ɗin kaboyi ba?"

Na ce, "Yaya, zauna ka gani. Wannan ba na harbe-harbe ba ne, na rabon gari ne."

Ya zauna, muka ci gaba tare har zuwa inda cutar agana ta ɓulla a sansanin. Swearengen ya tara masu hannu da shuni a mashayarsa, aka buɗe gwangwanin 'ya'yan itace aka jera a tebur, aka yi karo-karo don a aika a nemo allurar rigakafi, a kuma kafa tantin jinya. Mutumin da ke sa a yanka abokin hamayya a jefa wa aladun Mista Wu gawar, shi ne dai yake haɗa kan gari. Ba tausayi ya kai shi ba, ya san in gari ya watse cinikinsa ya mutu. Seth Bullock, wanda ya ajiye aikin ɗan sanda a Montana ya zo buɗe shagon kayan aiki da abokinsa Sol Star, shi ne mai zuciyar gaskiya, amma fushi ya yi masa yawa, kuma a hankali kana ganin yadda dole za ta sa shi zama tebur ɗaya da mutumin da ya tsana. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don ban ga ƙarya a cikinsa ba.

Yaya ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce abin ya tuna masa da Zamfara. Ya kawo zancen Bagega da ƙauyukan da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, saboda niƙa dutsen zinariya da ake yi a cikin gidaje, da yadda gwamnatin tarayya ta hana haƙar a jihar a 2019 sa'ad da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari. Ya ce talaka ke shiga rami, wani daban ke auna abin da ya fito. Ya tashi ya tafi masallaci ransa a ɓace.

A Deadwood ma haka ta ƙare. Attajiri George Hearst da abokan kasuwancinsa sun sayi mahaƙar Homestake da ke kusa da garin a 1877, aka yi fiye da shekara 120 ana kwasar zinariya daga cikinta. Su Swearengen da wuƙaƙensu ƙananan kifaye ne a gabansa.

Abin da nake ƙorafi da shirin shi ne masu ƙasar. Ana yawan ambaton su, galibi da zagi, ana ɗora musu laifin kisan da fararen fata suka yi, amma da wuya ka ga ɗan Lakota ya buɗe baki ya yi magana. Alhali zancensu bai mutu ba. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ƙwace aka yi musu, ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa. Kuɗin na nan a ajiye yana ƙaruwa, su kuma suna nan a kan bakansu cewa tsaunukan suke so a mayar musu.