Daidaita alamar tayimin kafin tashin farko na tsohon injin da aka yi wa obahol

Injin da aka sauke aka sake haɗawa abu ɗaya yake nema a ranar farko, wato ya kama a bugun kik na farko ko na biyu. Dalilin yana wajen kamshaf. Tsofaffin injuna masu tafet (ƙarfen da ke zaune a kan tudun kamshaf yana tura bawul) mai shimfiɗaɗɗen gindi, idan an saka musu sabon kamshaf, ana shafe shi da mai mai kauri lokacin haɗawa, kuma da zarar injin ya tashi ana riƙe shi tsakanin juyi 2000 da 2500 a minti ɗaya na tsawon minti 20 zuwa 30, domin baƙin man da kiranshaf ke fesawa ya riƙa isa gare shi. Duk daƙiƙar da kik ya yi yana jan injin da ya ƙi kamawa, share wannan man yake yi, ƙarfe ya hau cin ƙarfe. Saboda haka ba a ranar tashi ake laluben tayimin ba. Tun injin yana shiru ake gama shi.

Tayimin iri biyu ne, kuma ana yawan cuɗa su. Akwai na bawul, tsakanin kiranshaf da kamshaf, wanda sarka ko giya ke riƙewa. Akwai na wuta, lokacin da filogi ke ba da tartsatsi, wanda yake hannun distirbuta. Kiranshaf yana juyi biyu kafin kamshaf da distirbuta su yi ɗaya. Ma'anar wannan ita ce alamar da ke jikin fulin kiranshaf tana zuwa kan sifiri sau biyu a kowane zagaye, fistan na ɗaya yana ƙololuwa duka biyun, amma sau ɗaya ne kawai bawul biyun suke rufe, iska da fetur suna matse. A ɗaya zuwan bawul ɗin hayaƙi yana rufewa ne, na shigar iska yana buɗewa. Fuli ba zai gaya maka wanne kake kai ba.

Ga misalin da ya sha kayar da ƙwararru. A ƙaramin V8 na Chevrolet, idan ka haɗa giyar tayimin ɗigo na kallon ɗigo, na kam a ƙasa na kiranshaf a sama, haɗin daidai ne. Amma silinda ta 6 ce ke kan wuta a wannan matsayi, ba ta 1 ba. Wanda ya rufe murfi ya zura distirbuta rota, wato hannun da ke juyawa a cikinsa yana raba wuta, na nuna wayar ta 1 ya tashi da kuskuren rabin zagaye cif. Sai an ƙara juya kiranshaf juyi ɗaya cikakke tukuna.

Kafin ma a kai nan, a tabbatar wace ce silinda ta ɗaya. Yawanci ta gaba ce, kusa da fanka, amma injin XK na Jaguar daga baya yake ƙirga, haka ma injunan Faransa da dama daga wajen fulawul suke farawa. A V8 na Chevrolet ta 1 tana gaba a layin hagu, a na Ford tana gaba a layin dama, idan aka duba daga kujerar direba.

Yanzu ga inda na fi so mai aiki ya ɓata lokacinsa: ita kanta alamar. Ni ban yarda da alamar fulin da ya shekara 40 ko 50 ba sai na gwada ta. Fuli mai roba a tsakiya, zoben waje yana zamewa idan robar ta bushe, ya tafi da alamar wasu digiri ba tare da ido ya lura ba. Ga kuma kayan gauraye: murfin tayimin na wata shekara, fuli na wata, kowanne lafiyarsa ƙalau amma ba a yi su don juna ba. Mai nuni ma, wato tsinken da ke nuna alamar fuli, ƙarfe ne siriri, sifana ɗaya ta faɗo masa ya lanƙwashe.

Zura sukudireba ta ramin filogi a ji inda fistan ya tsaya ba ya wadatarwa, domin kusa da ƙololuwa fistan kusan tsaye yake. A injin da fistan ke tafiyar milimita 80, digiri 5 kafin ƙololuwa bai rage masa ya kai sama ba sai kamar milimita 0.2. Babu yatsan da zai ji wannan, alhali digiri 5 a tayimin ba ƙaramin abu ba ne.

Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ta matokari, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a ramin filogi don ya tare fistan. Ana samunsa na sayarwa, ana kuma yin sa da tsohon filogi: a fasa farar tasar da ke ciki, a ɗaura ƙusa mai zare ta leƙo, a goge bakinta ya yi santsi don kada ta soki fistan. Cire wayar batir, cire filogi duka, kuma sassauta rokokin silinda ta 1, wato hannuwan da ke danna bawul, don kada bawul ya buɗe ya daki ƙusar. Sauke fistan ƙasa, ɗaura matokarin, sannan ka juya kiranshaf da hannu a hankali har ka ji ya tokare. Ja layi a kan fuli daidai sifirin mai nuni. Juya baya, zagaye kusan ɗaya, har ya sake tokarewa ta ɗaya ɓangaren, ka ja layi na biyu. Tsakiyar layukan nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya, wadda littattafan gyara ke rubutawa TDC. Idan ta faɗa kan alamar kamfani, madalla. Idan ta kauce da digiri 1 ko 2, yi sabuwar alama da farin fenti. Idan ta kauce da yawa a fuli mai roba, sauya fulin, domin wanda ya zame sau ɗaya zai ƙara. Kuma ka cire matokarin nan take, kafin hannu ya kai ga batir.

Idan fulin ba shi da zanen digiri, lissafin mai sauƙi ne. Zagaya shi da tef ɗin awo, raba abin da ka samu gida 36, ka sami tazarar digiri 10. Fuli mai faɗin milimita 180 kewayensa kamar 565 ne, digiri 10 kuwa milimita 15.7. Alamomin adbans, wato digirin da tartsatsi ke riga fistan isa ƙololuwa, suna gefen da ke riga sifiri isowa wajen mai nuni idan injin yana juyinsa na ƙa'ida.

Gano bugun matsi ba shi da wuya. Toshe ramin filogi na 1 da babban yatsa, wani ya juya kiranshaf, za ka ji iska na ture yatsan yayin da alamar ke gabatowa. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne kallon silindar da fistanta ke hawa tare da na ta 1, ta 4 a injin mai silinda huɗu a jere, ta 6 a mai shida. Idan rokokinta biyu suna musayar motsi, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, to ta 1 tana kan wuta. Kada ka tsaya a sifiri. Tsaya a adbans ɗin da littafin injin ya ba da, wanda a yawancin tsofaffin injuna yake tsakanin digiri 5 da 12 kafin ƙololuwa. Kullum ta hanyar juyin injin ake isa wurin. In ka zarce, koma baya sosai ka sake tahowa, don sakin da ke cikin sarka ya koma gefen da yake zama lokacin aiki.

A injunan da distirbuta ke juya famfon mai, yanzu ne lokacin tura mai da sandar da aka yi don haka har ya fito a rokoki. Bayan nan sai zura distirbuta. Haƙoran giyarsa a karkace suke, don haka rota yana murɗawa yayin da yake sauka. Fara da rota a ɗan baya da inda kake so, ya sauka ya faɗa kan tashar wayar ta 1, wadda ka riga ka yi wa alama a jikin distirbuta. Idan ya rage 'yan milimita ya ƙi zama, bakin sandar famfon mai ne bai shiga ba. Ciro shi, juya sandar kaɗan, sake gwadawa. Kada ka taɓa jawo shi ƙasa da notin maƙalli, hanyar karya famfo ce. Haƙori ɗaya ma ba wasa ba ne: giyar distirbutan Chevrolet haƙora 13 gare ta, tsallake ɗaya ya kai kusan digiri 55 a kiranshaf, abin da sau da yawa murza jiki ba zai iya ramawa ba kafin gwangwanin bakyum ya tokari wani abu. Injuna irin na Volkswagen Beetle da na Mini ba giya ce a gindin distirbuta ba, harshe ne da ya kauce wa tsakiya, ta fuska ɗaya kawai yake shiga. A nan kuskuren yana faruwa ne tun wajen saka sandar da ke ƙarƙashinsa.

Tazarar kontak ita ce gaba da tayimin, ba bayansa ba, domin faɗaɗa ta yana sa wuta ta zo da wuri, matse ta kuma yana jinkirta ta. A yawancin masu silinda huɗu milimita 0.4 ce, a auna da filagej lokacin da dundunniyar kontak ke kan tudun kam. Daga nan ɗauko ƙwan fitila mai bolt 12, waya ɗaya a tashar kwayil da ke zuwa distirbuta, ɗaya a jikin injin. Buɗe makulli. Murza jikin distirbuta ta inda rota ke juyawa har fitilar ta mutu, sannan ka dawo da shi a hankali kishiyar haka. Daidai inda ta kama, nan kontak ya buɗe, nan tartsatsi yake. Ɗaure, rufe makulli da sauri don kwayil yana zafi idan an bar shi a kunne.

Wayoyi suna bin tsarin wuta ta hanyar da rota ke juyawa, kuma a duba da ido, kada a ɗauka. Mai huɗu a jere yawanci 1-3-4-2, Beetle 1-4-3-2, mai shida a jere 1-5-3-6-2-4. Chevrolet 1-8-4-3-6-5-7-2 rota na bin hannun agogo, Ford 289 da tsohon 302 kuwa 1-5-4-2-6-3-7-8 kishiyar agogo.

Idan aka murza makulli injin zai faɗi abin da ke damunsa. Tari ta kabireta da harbi ta salansa ba tare da ya kama ba, rabin zagaye ne aka kauce ko an sarƙe wayoyi. Kik ya riƙa nauyi kamar ana ture shi baya alhali batir a cike yake, adbans ya yi yawa. Ya tashi amma ba kuzari, zafi na hawa, bututun hayaƙi na neman yin ja, wuta tana makara, kuma wannan ne mafi haɗari a minti 20 ɗin farko. A ƙara masa adbans yana cikin gudu, kada a sauke shi silo don a duba. Idan bai kama ba bayan gwaji 2 ko 3 gajeru, a saki makulli a koma kan rota.

Sai an gama horar da kamshaf, wato gudun minti 20 zuwa 30 na farko, ake sauko da shi silo a ɗauko fitilar tayimin. Cire tiyon bakyum ka toshe shi, riƙe juyi a kamar 600 zuwa 800 yadda ma'aunan cikin distirbuta, wato ƙarafa masu nauyi da ke ƙara adbans idan juyi ya ƙaru, ba su fara buɗewa ba, ka daidaita. Sannan ka ɗaga zuwa 3000 ka ga jimlar adbans, wadda a V8 da yawa take tsayawa tsakanin digiri 32 da 36. Alamar da ba ta motsa ba da aka ɗaga juyin injin tana nuna ma'aunan sun cije. Wadda ke rawa gaba da baya kuwa, a kama sandar distirbuta a girgiza ta gefe da gefe, in tana da wasa bushinta ya cinye, kuma ba za ta riƙe tayimin ba sai an sauya shi.