Kabewa ba ta da laifi

A ƙarshen watan nan zan bar gidan kula da karnukan, kuma akwai abin da nake so wanda zai gaje ni a ɗakin abinci ya sani, tunda manaja ba zai faɗa masa ba.

Ni na kawo shawarar a riƙa ba karnuka masu taurin bayan gida dafaffiyar kabewa. A fere ta, a cire 'ya'yan, a dafa da ruwa zalla, a dama cokali ɗaya ko biyu cikin abincinsu gwargwadon girman kare. Tana gyara musu hanji, kuma kowa ya ga amfaninta.

Sai manaja ya ce ɓarnar gas ce a dafa ta daban, a kwashi ragowar wadda aka dafa wa ma'aikata, mai albasa da tafarnuwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, albasa guba ce ga kare.” Ya ce tun kafin a haife ni yake kiwon karnuka. Bayan 'yan kwanaki karnuka biyu suka kwanta, ba ƙarfi, dasashinsu ya yi fari, fitsarinsu ya yi ja. Likita ta bayyana mana cewa albasa, ɗanya ko dafaffiya ko garinta, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma alamun sukan ɗauki kwanaki kafin su fito. Wannan jinkirin ne ya ba manaja mafaka. A gaban masu karnukan ya ce kabewar yaron nan ce ta jawo, ya hana ta gaba ɗaya, ya sa mini takardar gargaɗi a fayil. Karnukan sun warke, alhamdu lillahi, amma takardar tana nan, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Sauran na koye su a hankali. Ka ɗanɗana kabewa ko kokwamba kafin ka bayar, in da ɗaci ka zubar, don sinadarin da ke kawo ɗacin yana sa amai da zawo. Ɓawo mai tauri yana iya toshe hanji. Kabewa ta gwangwani, karanta jikinta, kada a ce an sa xylitol, wani sinadarin zaƙi da yake guba ga kare. Duk wani ƙari kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. In zawo ya haura kwana 2, ko ka ga jini, ka kira likita. Kuma duk umarnin da aka ba ka kan abincin kare, ka rubuta shi a littafin ɗakin abinci, da kwanan wata da sunan wanda ya bayar.