Talata: fitilun Pantami da gardamar Baffa Buba

Hazo ya sauka yau, sama ta buɗe tun magariba. Wuta shiru tun jiya. Hajiya ta ce a tuna mata da kuɗin gas, da aka tuna mata sai ta ce ai ni take nufi.

Bidiyon Isiyaku ne ya cinye daren a wurin Ɗanlami mai shayi. Fitilu a jere a layi ɗaya ta saman Pantami, ba ƙara, ba ƙyaftawa, can suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Taurarin ɗan'adam na Starlink ne da aka harba kwanan nan, ba su kai ga warwatsuwa ba, kuma tun 2019 ake ganin irinsu. Hasken rana suke mayarwa, shi ya sa sai jim kaɗan bayan faɗuwar rana ko kafin asuba ake ganinsu. Ɓacewar kuwa inuwar duniya suka shiga. Isiyaku ya karɓa nan take. Baffa Buba ne ya ajiye kofi ya ce to wannan ya ji, amma bidiyon sojojin Amurka na baƙin abubuwa masu shawagi a sama (UFO) fa, wanda gwamnatinsu da bakinta ta ce gaskiya ne?

Na ce Baffa, Allah ya ƙara girma, a duba me suka ce gaskiya ne. A watan Afrilun 2020 Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, ta saki bidiyo uku, ɗaya na 2004, biyu na 2015. Abin da ta tabbatar shi ne jiragen sojan ruwanta ne suka ɗauke su, kuma ba a tantance abin da ke ciki ba. Iyakar maganarta ke nan.

Ya ce a buɗo wanda abin ke tsala gudu a kan ruwa. Aka buɗo shi a wayar Sadiƙu, sunansa GoFast. Daɗin wannan bidiyon shi ne amsar tana rubuce a gefen allon, mutane ne ba sa karantawa. Jirgin yana ƙafa 25,000 a sama. Kyamara ta sunkuya digiri 26. Nisa zuwa abin mil 4.4 na teku, wato kilomita 8 da ɗoriya. Ɗan aji biyar na sakandare zai iya lissafin: ka mayar da nisan ƙafa, ka ninka da 0.44 saboda sunkuyawar kyamarar, ka sami kusan ƙafa 11,700, ka cire daga 25,000. Abin yana wajen ƙafa 13,000 a sama, tsakiyar hanya tsakanin jirgin da teku, ba kusa da ruwa ba ko kaɗan. Gudun da ido ke gani na jirgin ne. In kana cikin mota a hanyar Kwami, ka kafa ido a kan turken wuta, za ka ga gonakin bayansa suna tsere, alhali turken bai motsa ba. Da masana na kwamitin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka yi lissafin a 2023, sun sami kusan mil 40 a awa, gudun da iska kanta ke yi a wannan tsayin.

Na biyun, Gimbal, har yanzu ana ja a kansa. Masu shakka sun nuna cewa juyawar abin tana zuwa daidai lokacin da kan kyamarar ke juyawa, don haka ƙyallin zafin injin wani jirgi mai nisa ne ke juyawa a cikin gilashi. Matuƙan kuma sun ce sun ga wasu abubuwa a jere a allon rada, amma ba a saki wannan allon ba. Abubuwa masu kusurwa uku da aka gani a wani bidiyo na 2019 kuwa, jami'in sojan ruwa Scott Bray ya bayyana su a gaban majalisa a Mayun 2022: jirage marasa matuƙa ne aka ɗauka da kyamara ta cikin madubin ganin dare, siffar ta fito daga na'urar.

Baffa bai ja da baya ba, kuma gaskiya inda ya koma ya fi ƙarfi. Ya ce Fravor fa? Kwamandan da ya yi shekaru yana tuƙa jirgin yaƙi, ranar 14 ga Nuwamban 2004, da rana tsaka, su huɗu a jirage biyu, suka ga farin abu mai tsawon kusan ƙafa 40, ba fiffike, ba hayaƙi. Ni ban taɓa cewa ƙarya yake yi ba. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna girman abin da bai sani ba a fili ba tare da sanin nisansa ba, kuma kuskure a nisa kuskure ne a girma da gudu gaba ɗaya. Bidiyon na 2004 ma wani matuƙi ne ya ɗauka daga baya. Abin da zai raba gardama shi ne bayanan radar jirgin ruwan Princeton na wannan rana, kuma jama'a ba su taɓa ganinsu ba.

Sai ya tafa hannu. Ya ce ka gani, ɓoyewa suke yi.

A nan muka daɗe. Ɓoyewa kam sun yi, babu musu. Tarkacen da aka tsinta kusa da garin Roswell na Amurka a 1947 sun ce balan-balan ɗin auna yanayi ne, sai a 1994 rundunar sojan sama ta amsa cewa na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. A 1997 wani binciken tarihi na hukumar leƙen asiri ta CIA ya ce fiye da rabin rahotannin ganin baƙin abubuwa a sama na ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2, aka bar mutane cikin duhu da gangan. Area 51 kanta, wani sansanin soja na sirri a Amurka, sai 2013 CIA ta ambace ta a takardun da ta saki. To amma duk lokacin da aka ɗaga murfin, kayan leƙen asiri ake tararwa. Ko yanzu dalilin riƙe bayanan rada a bayyane yake: wanda ya ga bayanan ya san iya nisan da na'urar ke hange, China da Rasha kuma suna jira.

Ya kawo Grusch, tsohon jami'in leƙen asirin Amurka, wanda ya yi rantsuwa a gaban majalisa a Yulin 2023 cewa akwai tarkacen jirage da gawarwakin da ba na mutane ba. Shi da kansa ya ce bai gani ba, mutum fiye da 40 ne ya tattauna da su. A Maris na 2024 ofishin AARO, mai binciken irin waɗannan rahotanni, ya ce ya bi sawun labaran bai sami hujja ba, kuma mutane kaɗan ne ke ta maimaita wa juna zance ɗaya. Baffa ya ce ofishin da ke ƙarƙashin Pentagon ne zai wanke Pentagon? Wanda ake ƙara shi ne alƙali? Wannan ba ni da amsarta, kuma ita ce ta hana ni sukuni tun da na dawo. Faransa tun 2007 ofishinta na GEIPAN, mai irin wannan bincike, yake zuba fayilolinsa a intanet, kowa ya duba da kansa, waɗanda suka gagara kusan kashi 3 ne cikin 100. Amurka a rahoton Yunin 2021 ta ce cikin rahotanni 144 ɗaya kawai ta gane, balan-balan mai sacewa, sauran 143 bayanai ba su isa ba, kuma ba ta ba kowa bayanan ya gwada ba. Da irin wannan rowar ake kiwon jita-jita.

Na faɗa wa Isiyaku yadda zai yi gaba. Kada ya zuƙo hoton, domin waya na mayar da ɗigon haske dunƙulen da ke rawa, Zara kanta takan koma abin tsoro ta haka. Ya sa rufin gida ko hasumiyar masallaci a cikin hoton. Ya rubuta lokaci har minti, da ɓangaren da ya fuskanta, alƙibla ta ishe shi ma'auni. Tsayi kuma ya miƙa hannu ya dunƙula, kowane dunƙule kusan digiri 10 ne daga ƙasa. Ya duba manhajar Flightradar24 mai nuna jirage da Stellarium mai nuna taurari kafin ya tura wa kowa, kuma ya tura asalin fayil ɗin, don WhatsApp na matse bidiyo ya goge bayanansa. In an sami wani a Tumfure da ya ɗauka a minti ɗaya, an sami nisa.

Sadiƙu ya tambaya in an haɗa duk wannan wa za a kai wa a nan. Muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, kwana 7 ta ba hukuma ta amsa. Aka yi dariya har Ɗanlami ya kusa zubar da madara. Ni dai ban yi ba.

Baffa ya biya shayin kowa ban da nawa.