Ɗaukar lambobin GPS: yaushe ake buƙatar safiyo mai lasisi?

Ba na'urar da ka riƙe ce ke yanke wannan hukunci ba, abin da za a yi da lambobin ne. Mai yawo da waya yana ɗaukar wuraren rijiyoyin burtsatse, makarantu ko dakunan shan magani domin taswirar aiki ba ya buƙatar lasisin kowa. Haka aka bi ƙauyukan Arewa da wayoyi masu GPS lokacin rigakafin shan inna. Amma da zarar maganar ta zama "nan iyakar filina ta tsaya", ta koma hannun safiyo.

A Najeriya hukumar SURCON, wadda doka ta 44 ta shekarar 1989 ta kafa, ita ke yi wa safiyoyi rajista. Taswirar fili da za a kai hukumar filaye ta gwamnati, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja domin neman takardar mallaka, sai da sa hannu da hatimin wanda ke da wannan rajista. Yaransa za su iya fita da kayan awo, amma shi zai duba aikin, kuma shi za a kira idan rigima ta kai kotu.

Wasu na ganin wannan kare kasuwa ne kawai. Ban yarda ba. GPS na waya a fili fetal yakan kauce da mita 3 zuwa 5, kusa da katanga ko rufin kwano kuwa ya fi haka, domin siginar tauraron ɗan'adam tana bugun kwanon kafin ta dawo kan wayar. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 faɗinsa kusan mita 15 ne. Kuskuren mita 5 ya cinye sulusinsa, ka gina banɗaki a filin maƙwabci. Safiyo yana aiki da na'ura biyu, ɗaya kafe a kan turken da aka san lambobinsa tana aika gyara, ɗaya a kan sanda tana yawo. Da wannan tsari da ake kira RTK kuskuren yake raguwa zuwa santimita 1 zuwa 3, muddin allon ya nuna lissafin ya kama. Mai gaggawa yakan danna ajiye kafin ya kama, ya koma ofis da kuskuren rabin mita bai sani ba.

Babban ramin da ya fi cin mutane shi ne ma'aunin tushe, wato tsarin da ake gina lissafin lambobin wuri a kansa. Waya tana ba da lambobi a kan ma'aunin duniya da ake kira WGS84, tsofaffin taswirori da turakun simintin gwamnati kuwa a kan ma'aunin Minna suke. Tazarar da ke tsakaninsu a yawancin Arewa ta kai kimanin mita 80. Ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba tare da juyawa ba, sai fulotinka ya faɗa tsakiyar titi. Ga kuma shiyyoyin UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, sai ka san wacce filinka yake ciki: Sakkwato tana 31, Kano da Kaduna 32, Maiduguri 33.

Don haka idan aikinka na tattara bayanai ne, rubuta nau'in na'ura, ma'aunin tushe da girman kuskure a jikin taswirar, ka bayyana cewa ba ta iyaka ba ce. Idan kuwa fili za ka saya, nemi sunan safiyon da lambar rajistarsa, ka tabbatar da su a ofishin Safiyo-Janar na jiha, sannan ka je da ƙafarka ka ga turakun huɗu a ƙasa kafin ka biya kuɗi.